Tabon da Muka Goge a Hoton Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen shagonku. Mu nan lafiya lau, in ban da maigidan da mura ta kama, yana ta yi mana raki sai ka ce a kansa aka fara ta. Na koma rubutu a takarda ne don duk sanda na kira ka ƙarar injin buga hotunanku ta fi muryarka, ina zuba kana "eh, to, eh", na kuma san ba ji kake ba. Direban da ke kai kaya wajenku ya ce zai riƙa miƙa maka.

Maganar Baba ce. Tun da ya dawo gidana da zama idonsa ja da baya yake yi. Mun koma asibiti, likita ya ce a ci gaba da ɗiga magani, amma bai ɓoye mana ba, ganin ba dawowa zai yi ba, raguwa zai yi ta yi. Yanzu in na shiga ɗakinsa da launin mayafina yake gane ni kafin in yi magana.

Shekaranjiya muna zaune ya ce, "Wai ku ba ku da hoton uwarku ne?" Ka san Inna da hoto, da ta ga an ɗaga waya za ta kare fuska da hannu tana cewa a rufa mata asiri. Guda ɗaya tak muke da shi, wanda ka ɗauke ta ba ta sani ba a zuwanka na ƙarshe kafin rasuwarta, tana zaune bakin famfo tana dariya. Na nuna masa wanda ka tura a guruf ɗin gidanmu na hira a waya, ya kai wayar har bakin hancinsa, ya ce shi bai ga komai ba. Ina so ka buga mana shi babba, ka sa a firem, ya gan ta tun yana iya gani.

Sai dai Injiniya, tunda kai ne mai boko a wannan fanni, ga wani ɗan roƙo. A falo za a rataye shi, kuma ka san nan dangin maigidan suke zama in sun zo. Ka cire bokitin nan shuɗi da tulin kayan wankin da ke gefenta. Ba don komai ba, don hoton ya yi tsabta ne kawai.

Baba na gaishe ka, ya ce ka rage shan shayi.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma yi murna da jin kuna lafiya. A gaida maigida da jiki, a ce masa mura ba ta kwantar da namiji sai wanda ya samu mai jinya. Labarin idon Baba ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya ba shi sauƙi.

Batun hoto kuwa, kin kawo kuka gidan da ya dace. Asalinsa yana cikin kwamfutata, garau, in na jawo shi kusa har gashin girarta ana gani ɗaya-ɗaya. Wanda kika nuna wa Baba ba shi ba ne, gajiyayyen ɗan'uwansa ne. Bari in yi miki karatun da nake yi wa kwastomomi kullum har sun gaji da ni.

Yawancin hotunan waya irin da ake kira JPEG ne. Shi wannan, don kada ya cika wuri, matse hoton yake yi, ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. Sau ɗaya ba laifi. Amma duk sanda aka buɗe shi aka taɓa wani abu aka sake adanawa, sai ya sake matsewa ya sake zubarwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kin tuna Inna tana cewa kowane wanki da abin da yake ɗauka a jikin atamfa? To haka yake. Shi ma guruf matse hoto yake yi kafin ya isar, shi ya sa na wajenki ya zama haka.

Don haka mu masu sana'a ba ma taɓa asali. Kwafi muke yi, mu mayar da shi irin da ba ya zubar da komai, kamar TIFF ko PNG, mu yi duk gyaranmu a kai. Sai an gama kaf, sannan a fitar da JPEG sau ɗaya, a kuma ɗaga ingancinsa sama. In za a tura wa wani, a tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Ɗaukar hoton sikirin kuwa, wato hoton fuskar waya, wannan ai aika-aika ne, ko a mafarki kada ki yi.

Bokiti da kayan wanki sun tafi, a lokacin cin abincin rana na share su, ko sanyi abincin bai yi ba. Na tura miki samfuri a waya ki gani. In ya yi miki, sai bugawa.

Ki ce wa Baba shayi ne ke riƙe da ni.

Naki,
Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya, maigidan ya warke ya koma cin abincin mutum biyu. Na karanta karatunka, rabi na gane, rabi na bar maka kayanka.

Na ga samfurin, hannunka ya yi kyau. Amma da bokitin ya tafi sai bangon nan ya fito fili, duk tsagewa da jirwayen ruwa. Ka sa mata bango mai fenti, ko labule. Da na ƙara dubawa kuma, mayafin nan kore ya koɗe da yawa, ka san shi ne na aikinta. Ba za a iya mayar da shi ruwan gwal ba? Kujerar 'yar tsugunon ma a canza ta, in da hali.

Na san na dame ka da saƙonni a waya, yau in ce wannan gobe in ce wancan, kai kuma kana ta gyarawa kana turowa. Ka yi haƙuri, wannan ne na ƙarshe. Tabon nan na saman girarta, wanda tartsatsin gawayin dutsen guga ya yi mata, ka goge shi. Yayar maigidan mace ce mai tambaya, ba abin da ke wuce idonta, ni kuma ba na son dogon bayani.

Na ƙara wa samfurin haske da wayata, don na ga kamar ya yi duhu. Ban san yadda ake fitar da shi daga manhajar ba, sai na ɗauki hoton sikirin ɗin na turo maka. Na san ka hana, amma sau ɗaya ne. Hasken nan ya yi min daidai, a kan wannan za ka ƙarasa.

Baba ya sa an kafa ƙusa a bangon falo tun yanzu. Da kansa ya nuna wurin, daidai tsayin idonsa.

Yayarka.

*

Yaya,

Salam. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Kada ki ce wa Baba an gama. Hoton nan bai kamata a rataye shi a falo ba, ba na son kowa ya gan shi. Zan yi miki bayani in na samu natsuwa.

Auta.

*

Auta,

Ko sallamar kirki ba ka yi min ba, amma ni zan yi maka: assalamu alaikum. Muna nan da rai. Baba ya yi tuntuɓe da tabarma ya buge gwiwa, da sauƙi, sai dai abin ya nuna min inda idon ya kai.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Na kira ba ka ɗauka, na tura saƙo ka karanta ka share ni. Layi uku ka rubuto min, na karanta su har na haddace. "Ba na son kowa ya gan shi." Hoton uwarka ne fa, Auta. Yaushe ka yi girman da fuskar Inna ta zama abin ɓoyewa? Ko abokan aikinka ne suka leƙo suka tambaye ka wace ce, ka rasa amsa?

To bari in tuna maka. Hannun nan da ya yi kanta da sabulu shi ya kai ka makarantar da ka koyo kwamfutar da kake hura mana hanci da ita. Da asuba take tashi ta jiƙa kayan mutane, ta wuni a tsaye kan guga, kai kana ɗaki kana karatu an hana kowa tari kusa da kai. Yau kai ne za ka ce bai kamata a rataye ta ba?

Na yi kuka da na karanta takardar, ban ɓoye maka ba. Maigidan ya ce in yi maka uzuri, wataƙila aiki ne ya sha kanka. Na ce aikin da ya hana mutum rubuta layi na huɗu ba aiki ba ne.

Kullum Baba in zai wuce falo sai ya lalubi ƙusar nan da hannu, ya ji ko an rataya wani abu. Jiya ya ce, "Injiniyan naku dai shiru." Na ce injinsu ne ya lalace. Ka sa ina yi wa tsoho ƙarya. In ba za ka yi ba, ka turo min asalin yadda ka ce ana turowa, in kai wani shagon a buga min.

Yayarka, ko da ba ka so.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da gwiwa. Ni lafiyar jiki kam akwai.

Wallahi ba kunyar Inna nake ji ba. Kunyarki nake ji, da ta Baba, shi ya sa in na ga kiranki hannuna ke kasa ɗauka. Ba zan iya turo miki asalin ba, Yaya, domin babu shi. Ni na lalata shi.

Duk karatun da na yi miki, ko ɗaya ban bi ba. Ranar farko ina sauri, na buɗe asalin kai tsaye na cire bokiti, na danna adanawa, na ce anjima zan yi kwafi. Anjimar ba ta zo ba. Kika ce bango, na buɗe na gyara na adana a kansa. Mayafi haka, kujera haka, duk a tsaitsaye tsakanin kwastoma da kwastoma, ina ganin ai aikin gida ne, ba sai an bi ƙa'ida ba. Da kika turo hoton sikirin nan, na goge tabon a kansa kamar yadda kika ce, na sa masa suna "Inna". Kwamfuta ta tambaye ni ko ta maye gurbin wancan mai suna ɗaya da shi. Wani yana tsaye a kaina yana jiran hoton fasfo, ban ko karanta ba na ce eh.

A waya lafiya lau yake, ke ma kin gani. Sai da na buga shi babba, takardar tana fitowa daga inji, sannan na ga abin da na aikata. Kumatunta sun zama gida-gida kamar tayil ɗin banɗaki. Gefen idanunta duk wani dishi-dishi ya kewaye, haƙoranta sun haɗe sun zama farin layi guda. Goshinta, inda haske ke sauka a hankali, ya rabu hawa-hawa. Hasken da aka ƙara ya daɗa fito da ɓarnar. Na gwada ƙara masa kaifi, sai gidajen suka ƙara fitowa raɗau. Da na jawo shi kusa na duba tun a gyaran farko, da na gani, amma ban duba ba.

Ba inda ban nema ba. Wayar da na ɗauka da ita ta mutu tun bara, na bayar an cire kayan cikinta. Na kai kwamfutar wajen mai dawo da abin da aka goge, ya ce da gogewa na yi da ya gwada, amma rubutawa na yi a kai. Har manhajar nan mai ƙirƙiro fuska na gwada. Ta ba ni wata kyakkyawar mata mai santsin fata, ban taɓa ganinta ba. Na rufe kwamfutar na fita waje.

Abin da ya fi ci min rai, a ranar wata mata ta kawo hoton bikinta da aka tura mata ta waya, na buɗe baki zan fara yi mata wa'azin nan nawa, sai na tuna nawa, na karɓa na buga mata kawai. Ni da nake cika baki har gashin gira ana gani.

Abin da ya rage mana shi ne ɗan ƙaramin nan na guruf, wanda na raina. Shi kaɗai ne ba a taɓa ba, da bokitinsa da komai. Na buga shi babba a kan takarda marar sheƙi don ta ɗan rufa masa asiri, ban gyara ko ɗigo ba, amma fuskar a dushe take, ba yadda zan yi. Na ba direba duka biyun, kowanne a firem, wanda muka gyara da wannan. Ki zaɓa, ko ki ajiye duka a bayan kwaba. Duk abin da kika faɗa min na cancanta.

Ƙanenki,
Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwar Baba ta warware. Saƙo ya iso, gilashi bai fashe ba. Ka yafe min takardar da na rubuta maka. Na zage ka da laifin da nake ɗauke da shi a kaina, na kuma san haka tun ina rubutawa, shi ya sa na cika ta da zafi.

Ka ji yadda aka yi. Ranar da direba ya kawo su, yayar maigidan tana gidan. Na buɗe su a ɗaki ni kaɗai, na daɗe ina kallo. Kuma ka ga halina, duk da abin da ka rubuto, wanda muka gyara na ɗauko. Na ce a raina ai daga nesa ba a ganin gidajen, labulen kuma ya yi kyau.

Na rataye shi a ƙusar, na kamo hannun Baba na tsayar da shi a gabansa. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai. Can ya ce, "Wace hajiya ce wannan?"

Na ce, "Baba, Inna ce."

Ya ce, "A'a. Uwarku ba ta da mayafi irin wannan. Kuma gidan wa ta je ta zauna haka?"

Yayar maigidan tana zaune tana kallonmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai a lokacin na tuna abin da ni da kaina na rubuta maka, cewa da launin mayafi yake gane ni. Baba ya daina ganin fuska tuntuni, Auta. Launi yake gani da fasalin abu. Duk abin da idonsa zai iya kamawa a hoton nan shi na sa ka cire, ɗaya bayan ɗaya.

Na koma ɗaki na ɗauko ɗayan. Ban ma gama saita shi a ƙusa ba ya ce, "Yauwa, ga bokitinta." Ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji tun tana raye. Ya ce, "Ga koren mayafin. Kin ga yadda take naɗe ƙafa ɗaya in bayanta ya gaji? Ita ce." Ya tsaya a wurin har sai da na kawo masa kujera.

Yayar maigidan ta taso ta leƙa, ta ce, "Wanki take yi ne?" Kafin in haɗa wata magana Baba ya ce, "Wanki da guga. Duk layinmu ba wanda bai sa kayan da ta goge ba. In ta yi wa riga kari, sai rigar ta tsufa karin bai kwanta ba." Ta ce Allah ya jiƙanta, ta koma ta zauna ta ci gaba da shan lemonta. Shi ke nan fa. Abin da na yi ta gudu ke nan, har na jawo mana wannan asara.

Baba ya samu abin da yake so. Mu masu ido ne muka rasa. In na tsaya a bakin ƙofa ina ganin Inna tana dariya, in na matso sai ta watse. Kada ka ɗauki laifin kai kaɗai, kai ka danna, amma ni na yi ta aiko ka.

Saura abu ɗaya. Da baƙuwar ta tafi na tsaya ina neman tabon girarta a hoton, ban same shi ba, ya narke cikin dushewar. Sai na tambayi kaina, wai a dama yake ko a hagu? Auta, na kasa tunawa. Ni da na sha shafa mata mai a wurin. Na san girmansa, na san yadda yake tattarewa in ta ɗaure fuska, amma gefen ya ɓace min. Kunya ta hana ni tambaya, har dai na daure na ce, "Baba, tabon Inna ta wane gefe yake?"

Ya miƙe, ya lalubi firem ɗin, ya bi gefen mayafin da hannu, ya ɗora yatsa a kan gilashin, saman girar hagu. Ya ce, "Nan. Ina tsaye a wurin ranar da gawayin ya fallatsa."

Na san kana karanta wannan za ka ce a dawo maka da hoton ka zana tabon. Kada ka zana komai, mun gama gyaran Inna. Baba ya ɗiga maganin ido kafin nan, hannunsa da ɗan maiƙo, shatin yatsansa ya fito a kan gilashin daidai wurin. Ina goge falon kullum, amma nan ban taɓa ba, na kuma hana kowa taɓawa.

Ka zo ka gani da idonka. Ka kuma riƙa ɗaukar waya.

Yayarka.